Idan Aka Zaftare Kuɗin Soja, Wa Ke Fara Ji A Jika?

Duk ƙarshen shekara, da shugaban ƙasa ya kai kasafin kuɗi gaban majalisa, gardama ɗaya ce ke tashi a wuraren hira na ƙauyukanmu, daga Gwarzo har Gumel. Rediyo na faɗin tiriliyoyin da aka ware wa tsaro, sai wani ya ce a rage, a kawo mana taki da magani da malaman makaranta, tunda shekara da shekaru ana zuba wa soja kuɗi amma ba a daina sace mutane ba. Wani kuma ya ce kul, wanda ba shi da tabbacin kwana a ɗakinsa ba ya zancen taki. Kowannensu yana da hujjar da ba ta yarwa ba ce. Sai dai dukansu lamba ɗaya suke kallo, wato jimillar da aka karanto, alhali ƙarfin soja ba a jimilla yake ba. Yana cikin ƙananan layukan da ba a karantowa a rediyo, kuma kansu wuƙa ke fara hawa duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi ƙasa.

Kuɗin kowace runduna a duniya, ta Amurka ce ko ta Nijar, hanya uku yake bi. Akwai na mutane, wato albashi da alawus da fansho da asibitin soja da iyalinsa. Akwai na sayen sababbin makamai da gina bariki, wanda masu kasafi ke kira manyan ayyuka. Tsakanin biyun nan kuma akwai kuɗin da ke sa rundunar ta motsa: man mota da na jirgi, taya, batir, kayan gyara, harsashin koyon harbi, abincin waɗanda ke daji, ladan injiniyoyin da ke duba lafiyar jirgi. To ranar da ministan kuɗi ya ce a rage, ina za a taɓa? Albashi dai ba ya taɓuwa, don babu gwamnatin da ke son wasa da cikin mutumin da ke riƙe da bindiga. Babbar kwangila ma da wuya a soke ta, an riga an sa hannu, akwai tara idan aka fasa, akwai kuma manyan da ke da rabo a ciki. Saura na tsakiya. Shi ba shi da mai kare shi a majalisa, ba a yi masa bikin buɗewa, ba a ɗaukar hotonsa. Idan aka rage shi yau, gobe da safe soja na nan cif a filin fareti, jirage na jere inda aka saba ganinsu, sai kowa ya ce ai ba a yi asarar komai ba.

Wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ko a fadamar Haɗeja ya san wannan lissafi. Manomin da kuɗi ya yanke wa ba ya sayar da injin ban-ruwansa. Sai dai ya daina canza baƙin mai, ya bar tiyo na yoyo, ya ƙi kiran bakanike. Inji na nan, maƙwabta na ganinsa, shi ma yana ƙirga shi cikin dukiyarsa. Sai ranar da shinkafa ta ɗauki ciki, rana ta buɗe, ya ja igiya inji ya ƙi tashi. Ɗan abin da ya adana a kan baƙin mai bai kai ko kusa da abin da zai rasa a makon nan ba.

A wajen soja abin ya fi haka muni, domin ba ƙarfe kaɗai ke tsatsa ba, har da hannun mai sarrafa shi. Matuƙin jirgin yaƙi sai yana tashi a kai a kai. Idan ya yi watanni a ƙasa saboda babu mai, ƙa'idar aikinsa ma ba ta yarda ya ɗauki jirgi zuwa fagen fama ba sai an sake gwada shi. Kurtun da aka yi wa rowar harsashi a wajen horo, ranar da ake harbinsa ne zai fara koyon harbi na gaskiya. Motar sulke idan ta tsaya babu kayan gyara, makanikai kan kwance wata su tayar da wata, har a wayi gari abin da bataliya ke da shi a takarda ya ninka abin da ke iya hawa titi. Sannan waɗanda suka fi iya aiki su ke fara ajiye kaki, injiniyan jirgi da likita da masanin na'urar sadarwa, don su kamfanoni ke zawarci. Ko Amurka ta taɓa faɗawa wannan rami. A 1980 babban hafsan sojan ƙasarta, Janar Edward Meyer, ya faɗa wa majalisar dokoki cewa rundunar da yake jagoranta ta zama fanko. A 2013 kuma, da rikicin kasafi ya sa aka yanke wa ma'aikatar tsaronta kimanin dala biliyan 37 cikin 'yan watanni, sai da rukuni-rukuni na jiragen yaƙi suka zauna a ƙasa.

Jamus ce misalin da Turawa suka fi kawowa. Lokacin yaƙin cacar baka Jamus ta Yamma na da soja kusan rabin miliyan. Da Tarayyar Sobiyet ta ruguje sai aka ga kamar yaƙi ya ƙare a Turai, aka yi ta ragewa, aka dakatar da aikin soja na dole a 2011, adadin ya dawo wajen dubu 180. A ƙarshen 2017, cikin jiragen ƙarƙashin teku shida da ƙasar ke da su babu ko ɗaya da ke iya fita aiki, akasari saboda jiran kayan gyara. Ƙasar da ta fi kowace arziki a Turai ke nan. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukren, shugaban sojan ƙasa na Jamus, Janar Alfons Mais, ya fito fili ya ce rundunarsa kusan hannu rabbana take. Bayan kwana uku shugaban gwamnati Olaf Scholz ya sanar da asusu na musamman na yuro biliyan 100. Sanarwar kuɗin ta fito cikin kwana uku, kayan kuwa sai da aka shiga layi a masana'antu.

A nan ne babbar matsalar take. Ragewa aikin rana ɗaya ne, mayarwa aikin shekara goma. A 2010 Birtaniya ta rage kasafin tsaronta da kimanin kashi takwas cikin ɗari. Ta yi wa jiragen Harrier ritaya, ta ajiye jirgin ruwan Ark Royal mai dakon jiragen sama, ta kuma sassare sababbin jiragen sintirin teku samfurin Nimrod bayan an kashe musu sama da fam biliyan uku. Ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina ta zauna kusan shekara goma ba ta da jirgin farautar jiragen ƙarƙashin teku, har sai da waɗanda ta saya daga Amurka suka fara isowa a 2020. A tsakani, idan aka ji motsin wani abu a gaɓar Sikotilan, sai ta roƙi ƙawayenta su aiko da nasu. Haka Tarayyar Turai ta yi wa Yukren alkawarin harsashin igwa miliyan ɗaya kafin ƙarshen Maris na 2024, wa'adin ya cika kusan rabi kawai aka kai, saboda masana'antun da aka bari suka ƙanƙance ba sa faɗaɗa da baki.

Akwai kuma abin da abokin gaba ke karantawa a cikin kasafinka. A 1981 Birtaniya ta sanar za ta janye Endurance, jirgin ruwa guda da ke sintiri a tsibiran Fokland da take mulka kusa da Ajantina, don rage kashe kuɗi. Gwamnatin sojan Ajantina ta ɗauki hakan a matsayin alamar cewa mai gida ya haƙura. Ranar 2 ga Afrilun 1982 ta mamaye tsibiran. Yaƙin ya ci sojan Birtaniya 255 da na Ajantina 649. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɗan bindigan da ke dajin Rugu ba ya buƙatar karanta takardar kasafi kafin ya gane bango ya tsage. Ya ishe shi ya lura cewa motar sintirin da ke wucewa kullum ta koma wucewa sau ɗaya a mako.

Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Afirka ta Kudu. Ƙasa ce mai masana'antar makamai tata, mai jiragen yaƙi na zamani samfurin Gripen guda 26 da ta saya daga Suwidin. Shekara da shekaru ana matse kasafin sojanta har ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa, amma ba a rage wa sojan aiki ba. Ana tura su iyaka, ana tura su Mozambik, ana tura su Kwango. Daga ƙarshen 2021, kusan shekara guda, babu Gripen ɗin da ya tashi, don kwangilar kula da su ta ƙare ba a sabunta ba. A Janairun 2025 sojanta 14 suka mutu a faɗa da 'yan tawayen M23 a kewayen Goma, kuma abin da 'yan majalisa da masana na can suka fi kuka da shi shi ne an tura yaran ba tare da isasshen tallafi ta sama ba. Rage kuɗi a bar aiki yadda yake, shi ne mafi haɗarin duk wani nau'in ragi, don giɓin da jinin ƙaramin soja ake cike shi.

Mu ma mun bi ta nan, mun dai manta ne. Lokacin da kuɗin mai ke shigowa, Nijeriya ta sayi jirgin ruwan yaƙi Aradu daga Jamus, ya fara aiki a 1982, ta kuma sayi jiragen Jaguar 18 daga Birtaniya, suka fara isowa a 1984. Farashin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, naira ta karye. Zuwa 1991 an ajiye Jaguar gaba ɗaya saboda tsadar kula da su, jiragen da ko shekara goma ba su yi ba. Aradu ya shafe mafi yawan rayuwarsa a ɗaure a tashar ruwa. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a 1995 Turawa suka ƙaƙaba takunkumin sayar mana da makamai, kayan gyaran ma suka gagara. Babu wanda ya ji zafin wannan a lokacin, ba a Dutse ba, ba a Legas ba. An ji shi ne bayan shekara ashirin.

A 2014 Boko Haram ta kama Gwoza a Agusta, Bama a Satumba, Mubi a ƙarshen Oktoba, sannan Baga a Janairun 2015. Tun a watan Mayun 2014 sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri suka buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu. A Agusta matan sojoji suka tare ƙofar barikin Giwa, suka ce ba za a tafi da mazajensu daji ba sai da makamai na kirki. A watan ne kuma ɗaruruwan sojanmu suka tsallaka Kamaru. Kotun soja ta yanke wa 54 hukuncin kisa a Disamba saboda ƙin zuwa fagen fama, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara goma. Da babban hafsan tsaro na lokacin, Alex Badeh, zai bar aiki a Yulin 2015, da bakinsa ya ce ya jagoranci rundunar da ba ta da kayan aikin da yaƙin ke buƙata, ya kuma ce wasu gwamnatoci da gangan suka bar soja a wulaƙance don su tsira da mulkinsu. Wannan magana ta biyun tana da nauyi. Shugaban da ya hau mulki da bindiga ya fi tsoron barikinsa a kan abokin gaba na waje, don haka ba ya son tanka mai lafiya kusa da fadarsa.

Sayayyar gaggawa da ta biyo baya ta nuna tsadar sakaci. Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila. A Satumban 2014 hukumomin Afirka ta Kudu suka kama dala miliyan 9.3 tsaba a cikin wani jirgi da ya taso daga Nijeriya, aka ce na sayen makamai ne. Ƙarshe sai da aka ɗauko sojan haya, aka kuma ɗage zaɓen 2015 da mako shida. Ko jiragen Super Tucano 12 da ake alfahari da su yanzu, an biya kusan dala miliyan 500 a 2018, shidan farko ba su sauka ba sai Yulin 2021. Shekara uku ke nan tsakanin fitar kuɗi da isowar jirgi, kuma ƙauyukan Borno da Zamfara ba su samu hutun shekara uku ba.

Za a ce ai wannan tarihi ne, yanzu kullum ƙarawa ake yi. A takarda haka ne. A kasafin 2024 da Shugaba Tinubu ya gabatar, tsaro ya samu naira tiriliyan 3.25. A na 2025 ya samu tiriliyan 4.91. Ƙarin kusan rabi ke nan. Amma an gina kasafin farko a kan dala ɗaya naira 750, na biyun a kan naira 1,500. Raba ka gani. Na farko ya kama wajen dala biliyan 4.3, na biyu wajen biliyan 3.3. Lambar naira ta hau, abin da za ta iya saya a waje ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Jirgi da injinsa da bam ɗinsa da na'urar gani da dare duk da dala ake sayensu. A cikin gida ma, man fetur da bai kai naira 200 ba kafin cire tallafi a Mayun 2023 ya kai wajen naira dubu a ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban shekarar. Kwamandan da ke da kuɗin sintiri iri ɗaya da na bara, tafiyar da zai yi bana ba ta kai ta bara ba. Wannan zaftarewa ce da babu ɗan majalisar da ya ɗaga mata hannu. Ba ita ce ta farko ba kuma. Cibiyar SIPRI ta Suwidin, mai bin diddigin kuɗin soja a duniya, ta ce abin da Nijeriya ta kashe ya hau da kashi 56 a 2021, sannan ya faɗi da kashi 38 a 2022 zuwa dala biliyan 3.1. Rundunar da kuɗinta ke tsalle haka ba ta iya tsara gyaran shekara biyar.

Ragi na biyu shi ne na sakin kuɗi. Rubuta abu a kasafi daban, fitar da shi daga baitulmali daban. Albashi kan fita, na manyan ayyuka kuwa sai abin da ya samu. Kason manyan ayyuka na 2024 sai da majalisa ta yi ta tsawaita wa'adinsa har ƙarshen 2025. Dalilin ba ɓoye yake ba. A kasafin da aka gabatar na 2025, biyan bashi kaɗai ya ɗauki naira tiriliyan 15.81, ya ninka na tsaro sau uku, ya kuma fi na tsaro da ilimi da lafiya a haɗe. Mai cewa a rage na soja a ba makaranta, da mai cewa a bar wa soja nasa, suna jayayya ne a kan abin da mai bin bashi ya rage.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙona rai. A ƙarshen 2015 aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na makamai, zargin da ya musanta. A 2016 mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya ce kimanin dala biliyan 15 suka salwanta ta hanyar kwangilolin makamai na bogi. Ko ba a tabbatar da kowane kwabo a kotu ba, sojan da ke Gwoza a 2014 bai ga kayan ba. A wurinsa babu bambanci tsakanin kuɗin da majalisa ta hana da kuɗin da aka sace a hanya. Duka biyun, harsashi ne da bai zo ba.

Maƙwabtanmu sun nuna inda hanyar ke ɓullewa. A Janairun 2012 sojan Mali a Aguelhok suka yi ta faɗa har harsashi ya ƙare musu, aka yi musu kisan gilla. Matansu suka yi zanga-zanga daga barikin Kati, ƙananan hafsoshi suka kifar da gwamnati a Maris, cikin 'yan kwanaki Kidal da Gawo da Tambutu suka faɗi. A Nuwamban 2021 aka kashe mutum 53 a Inata ta Burkina Faso, akasarinsu jandarmomi, bayan sun yi ta kukan cewa abinci ya yanke musu kusan mako biyu. Watanni biyu bayan nan soja suka tuɓe Shugaba Kabore. Ba jirgi ko tanka ne ya kayar da gwamnatocin nan biyu ba. Buhun shinkafa ne da akwatin harsashi, wato layin tsakiyar nan da ba a karantowa.

Yanzu mu zo gida. Rundunar da ta rasa mai da mota da mutane ba ta janyewa daga Abuja ko daga Nasarawa ta birnin Kano. Daga ƙauye take janyewa. A 2019 sojanmu a Borno suka tattara ƙananan sansanoni suka koma manya a garuruwa, saboda ana yawan murƙushe ƙananan, kamar yadda aka yi a Metele a Nuwamban 2018. Ta fuskar kare ran soja akwai hikima a ciki. Amma hanyoyi da gonaki da ƙauyukan da ke tsakani, an bar su ga wanda ya ga dama. Abin da ke biyo baya mun gan shi a Zamfara da Katsina da Sakkwato: dagaci na tara kuɗi gida-gida don a ba 'yan bindiga su bari a yi shuka, a sake tarawa kafin girbi, a sayar da shanu da gona a biya kuɗin fansa, a haɗa wa 'yan sa-kai kuɗin bindigar gida. Kuɗin da gwamnati ta ce ta adana bai ɓace ba, komawa ya yi wuyan talaka, shi kuma ba shi da rasit. Mu da ba mu cikin wutar ma muna biya a Dawanau, duk lokacin da gonakin can suka kwana ba a noma ba.

An daɗe ana cewa Kano da Jigawa tudun mun tsira ne. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, daga ɓangaren iyakar Katsina, sun isa su kashe wannan zance. Ta arewa kuma, Babura da Maigatari da Sule Tankarkar da Birniwa suna kan iyakar Nijar, ƙasar da dangantakarmu da ita ta yi tsami tun juyin mulkin Yulin 2023, wadda kuma ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a Maris na 2025. Duk aikin da maƙwabci ya ajiye, mu za mu ɗauka, da kuɗin da ya riga ya ragu. Ba ma iya cewa maganar ta mutanen nesa ce. Kujerar ministan tsaro ta zauna a hannun Bashir Magashi na Kano daga 2019 zuwa 2023, sannan ta koma hannun Badaru Abubakar, ɗan Babura, har zuwa Disamban 2025. 'Ya'yanmu kuma su ne ke cika layin ɗaukar kurata, don haka idan alawus ya makale ko motar sulke ta tsaya a hanyar Damboa, a gidajenmu ake zaman makoki.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a zuba kuɗi kawai. Amurka ta kashe sama da dala biliyan 80 wajen gina sojan Afganistan, suka watse cikin 'yan makonni a 2021, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne da 'yan kwangilar waje masu gyaran jirage suka tafi, jiragen suka fara zama. An sayi ƙarfe, ba a gina hannun da zai riƙe shi ba. Mu ma Tudun Biri na nan. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi, aƙalla mutum 85 suka rasu. Jirgin ya yi aikinsa. Abin da ya gaza shi ne tantance wanda ke ƙasa kafin a danna, kuma wannan aikin horo ne da bayanan sirri da haɗin kai tsakanin rundunoni, abubuwan da ba su da tsada idan aka gwada su da jirgin.

Ana iya rage kuɗin tsaro ƙasa ba ta raunana ba, amma sai an rage aikin tare da kuɗin, a kuma faɗa wa jama'a abin da aka haƙura da shi. Sojanmu suna aiki a kusan kowace jiha, suna tsare shingen hanya, suna gadin zaɓe, suna raba rikicin kasuwa. Aikin ɗan sanda ne wannan, kuma sojan da ke shinge a hanyar Zariya ba ya dajin Falgore. Akwai kuɗin tsaro na musamman da gwamnoni da shugaban ƙasa ke kashewa ba tare da bayani ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa ya kai dala miliyan 670 a shekara. Akwai masana'antar makamai ta DICON a Kaduna, wadda aka kafa tun 1964, aka kuma yi mata sabuwar doka a 2023. Ranar da ta iya wadatar da soja da harsashin bindiga da kayan gyaran mota, faɗuwar naira za ta rage yi mana ɓarna. Idan za a sa wuƙa, ga wuraren sa ta. Kuɗin mai da gyara da horo da abinci kuwa, a ganina kamata ya yi a sa su sahun albashi, a riƙa sakinsu wata-wata ko da an fasa sayen sabon jirgi.

Abin da ke hana mu sanin ko ana yin haka a rubuce yake. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta wajabta talla da gasa da bayyana farashi, ta cire kayan da suka shafi tsaron ƙasa daga hukuncinta sai idan shugaban ƙasa ya amince. Akwai abin da ya cancanci sirri, kamar inda aka girke bataliya da irin na'urar da ake sauraren abokin gaba da ita. Farashin buhun shinkafar soja da litar man sintiri da takalmin kurtu ba sa cikinsu. Dokar majalisa ce ta yi ta, majalisa ce kuma ke iya gyara ta, kuma Kano da Jigawa na da sanata shida da 'yan majalisar wakilai 35 a can. Idan ɗayansu ya zo gari neman ƙuri'a, bayan an gama maganar rijiya da taransifoma, a tambaye shi: ranka ya daɗe, cikin kuɗin da kuka amince wa soja bara, nawa aka saki, kuma nawa ne a ciki ya tafi gyara da horo?